Kimchin Kaka da Hannun Dojin

"…Sannu da hutawa, tsohuwa mai ran ƙarfe."

"Hutun me? Ke ce dai ma'aikaciyar banza, an aike ki gidan waya kin dawo da kaya."

Nari ta dire kwalin a gaban kakarta Malsun, wadda ke zaune a tsakar gida tana gyaran busasshen kifi. Jan ruwan yajin kimchi, kabejin da ake tsimawa da barkono, ya jiƙe gindin kwalin, ya ɓata wa Nari riga. Da safe tsohuwar ta ba ta shi a ɗaure, ta ce saƙon wata ƙawarta ne, kar a buɗe. Sai da ma'aikacin ya ƙi karɓa Nari ta duba adireshin, ta ga masaukin 'yan wasan besbol, ƙwallon da ake bugawa da sanda, ne a birni, da sunan Dojin ɓaro-ɓaro.

Duk garinsu na Yeosu an san Dojin, ɗan masuncin da ke ƙarshen layinsu. Bana yana da shekara ashirin aka ba shi tsaron ratar da ke tsakanin tasha ta biyu da ta uku a filin wasa, inda ƙwallo ta fi zuwa da zafi, saboda Gil, mai gurbin shekara goma sha biyu, ya ji ciwo a gwiwa. Yanzu Gil ya warke. Ranar Lahadi koci zai fitar da wanda zai riƙe wurin.

"Kaka, yaushe ƙawarki ta fara buga ƙwallo?"

"Ke, karatun saƙon mutane aka koya miki a jami'ar?"

"Sun ce yana yoyo. Mutum uku suka fita daga layi suna toshe hanci."

"Ƙarya! Kimchina ba ya wari, ƙamshi yake."

"Ai gwano ba ya jin warin jikinsa. To me ya haɗa ki da Dojin? Ba jiya kika ce hannunsa kwando ne ba?"

"Kwando ma ya fi shi, ko ba komai yana riƙe kifi. Yaron da ya ɓarar da ƙwallo uku a mako ɗaya? Tun yana ɗan shekara tara na san ba shi da saiti. Bango ya nufa, ya fasa min randar daddawar wake ta shekara biyar!"

"Shi ne kike aika masa tukuici."

"Wanda ya yi tsami ne, na rasa inda zan zubar."

Nari ta dubi kwalin. Ta san wannan ganyen, na farkon girbi ne, wanda ko ita ba a bari ta taɓa. Ta ja kujera ta zauna, ta gyara fuska.

"Gaskiyarki ce fa, Kaka. Ni ma na haƙura da shi. Gil ya dawo kawai. Yaron nan a mayar da shi rukuni na biyu ya je ya koyi tsayuwa."

Hannun tsohuwar ya tsaya cak a kan kifin.

"Ki ce me?"

"Ba zai iya ba. Ƙafarsa rawa take, kuma ko sanda bai iya kaɗawa ba."

"Ke da ko cokali aka jefo miki sai ya faɗi! Wa ya tare ƙwallo ranar Talata, ya yi sufa kamar kyanwa, ya jefa yana durƙushe? Gil ɗinki da gwiwar katako, kafin ya sunkuya an ci an wanke kwano!"

"To ai tsohon hannu ne."

"Tsohon hannu a ciki aka haife shi? Shekararsa ta farko ɓari ashirin ya yi, da idona na gani, lokacin ke kina fitsarin kwance. Da rarrafe yaro kan tashi!"

"Ashe ana kallon wasan. Na ɗauka in an zo kan Dojin a talabijin kicin kike shiga duba tukunya."

"Tukunya ce ke kirana."

"Tukunyar da babu wuta a ƙarƙashinta?"

Malsun ta ɗauki kan kifi ta wurge ta da shi. Nari ta cafe da hannu ɗaya.

"Kin gani? Ni ya kamata a ba gurbin."

"Ke? Ranar nan filin zai watse, ko masu sayar da soyayyar kaza sai sun gudu."

"Tabarmar kunya dai, Kaka, da hauka akan naɗe ta. Faɗi gaskiya, me ya sa kike zaginsa a gaban mutane?"

Tsohuwar ta murza gishirin da ke yatsunta.

"Bakina ba shi da kyau," ta ce. "Na yaba jirgin ruwan kakanki, a makon injin ya mutu. Na yaba saurayinki na farko, ina yake yanzu?"

"Wannan kam taimakona kika yi."

"To shi yaron nan ba shi da uwa. Ubansa in ya shiga teku sai ya yi wata. A nan, inda kike zaune, ya ci shinkafa shekara bakwai. In na yabe shi ya faɗi, da wane ido zan kalli uban?" Ta ɗago. "Ke da kike bin lissafinsu a waya, ban da wasa. Zai zauna?"

Nari ta so ta ce eh. Amma ba a yi wa Malsun ƙarya a ci riba.

"Ban sani ba, Kaka. Ɓarin nan uku zai yi masa illa. Amma yana kai wa ƙwallon da Gil ya daina kaiwa tun bara, kuma koci ba makaho ba ne."

"Uhm. Sai an gwada akan san na ƙwarai."

"Gobe ba ni da aiki. Zan sake ɗaure shi da kyau, in hau mota in kai masa da hannuna."

"Ki kashe fasinjoji da warin?"

"Ba kin ce ƙamshi ba ne?"

Dariya ta ƙwace wa tsohuwar har tana tari. "Ja'ira! Kin ci ni. Ɗauko takarda, idona ba ya ganin rubutu."

Nari ta zaro biro. "Ina ji."

"Rubuta: Kai mai hannun kwando, ka riƙa sunkuyawa sosai, ƙwallo ba daga sama take tsirowa ba."

"Shi ke nan?"

"Ƙara: ka ci abinci." Ta nuna takardar da yatsa. "Kar ki sa sunana."

"Da ya buɗe murfin ai ya ga sa hannunki."

Malsun ta miƙe tana dafa gwiwa, ta shiga ɗaki, ta fito da wata ƙaramar kwalba ta cusa wa jikarta a cinya.

"Ungo naki, 'yar aike. Saura ki ɓarar a hanya, mu zama muna da masu hannun kwando biyu a layi."