Siracen Ɗan Kamasho

"Lafiya lau dai, amma ni ban ji gaisuwar ba. Wa ya sako min agwagwa cikin gida?"

Ƙande ce ke magana, tana gindin murhu tana liƙe bakin madambaci da jiƙaƙƙen tsumma. Agwagwar kuwa jikanta ne, Illa, ɗan kamasho a tashar Dungas, mutumin da in ya kira fasinjan Magarya har masu sayar da awaki a ƙarshen kasuwa sai sun waiwayo. Mura ta shaƙe shi, murya ta dishe, ga shi yau kasuwa. Sarkin tasha ya gaya masa in hantsi ya ɗaga bai zo da muryarsa ba, abokin aikinsa Ado ne zai tsaya bakin motoci. Ado kuwa bai iya mayar da kayan aro ba.

Illa ya durƙusa ya sake gaisuwa, ta fito kamar kukan tsohon ƙyaure. Ya jera mata abin da ya sha: ƙwayar lokotoron asibiti, citta, zuma, har ɗanyen ƙwai. Bai ce ya zo neman sirace ba, cewa ya yi ya biyo ya ga ko tana da rai.

"Ina da shi, maigida. Da ka yi gadon me? Haƙorana?"

"Guda biyun? Ki riƙe abinki, tsohuwa."

"Tsohuwar zuma da ita ake magani. Tuɓe rigar."

Ashe tun jiya labari ya iso mata. Tukunya na gefe tana tafasa da ganyen dogon yaro da na lemun tsami. Ta sauke ta gabansa, ya yi ta noƙe-noƙe wai shi magidanci ne, ta tuna masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, balle cibin da ita ta gasa da hannunta. Ya zauna bisa turmi, ta lulluɓe shi da bargo shi da tukunyar, ta buɗe murfi ta ƙasa, sannan ta ja kujerarta ta danne bakin bargon.

Tururi ya bugi Illa a fuska, ɗaci ya shige masa hanci, gumi ya tsinke. Ya yi niyyar daurewa, don shi ba mai barin aiki rabi ba ne, amma baki ya ƙi.

"Ni fa ba dambu ba ne."

"Dambu ya fi ka. Shi in an turara shi nuna yake, kai tun haihuwarka ɗanye."

"An ce mai haƙuri ke dafa dutse, ba a ce ya dafa jika ba."

"Dutse ai yana romo. Kai me za a sha a jikinka, hayaƙin mota?"

Ya ce ko motar da ta fi kowace tsufa a tasha in ta fara tururi ana tsayawa a ba ta ruwa. Ta ce ita motar tana da mai ita, shi kuwa ko a kasuwar Bande aka kai shi sai an haɗa da gyara. Ya rantse in ya fito zai sake ta, saki na gaban liman. Ta ce da wace muryar, liman ai ba ya karɓar raɗa.

Can ya ji ƙirjinsa ya saki, hanci ya buɗe, mushuwar ɗinsa na share hanci ya jiƙe sharkaf. Ya ce ya warke, ya roƙi ta ɗaga bargon. Ƙande ta ci gaba da fifita wutar dambunta.

"Uwargida, na ce ki ɗaga."

"Kamar ɓera na motsi a bargon nan."

"Kurma ce ke?"

"Kunnen tsufa ne. Ba ya jin komai sai abin da ake ji daga tasha."

Illa ya gane ba fita sai ya biya. Ya ja tururin har cikinsa, ya dafa gwiwa, ya saki:

"Magarya! Magarya, saura mutum ɗaya!"

Kaji suka watse. Shi kansa sai da ya tsorata. Kafin Ƙande ta janye kujera sai ga maƙwabciyarta Daso ta faɗo gidan, ƙunshin kaya a ka, takalmi a hannu, tana haki tana roƙon a tsaya mata, ita ce cikon.

Bargo ya yaye, Illa ya bayyana bisa turmi, ba riga, yana tururi kamar tuwon da aka kwashe yanzu. Daso ta dube shi, ta dubi tukunya, ta tambayi ina motar.

"Ga ta nan," in ji Ƙande. "Yanzu na gama gyaranta. Ki hau a hankali, ba ta da burki."

Illa ya yi dariya har da tari, ya zura riga, ya zaro farin goron da ke aljihunsa ya ajiye mata a cinya.

"Na janye sakin, amarya."

"Da me zan tauna?"

"Ki daka," ya ce da muryar da ta kai bakin titi, ya karɓi kayan Daso ya yi gaba.