Motar Alhaji Jaji Mai Huhu Biyu

Allah ya yi wa Kaura Namoda baiwa biyu, kasuwar hatsi da Alhaji Jaji. In ka tambayi Jaji, kasuwar ce ta biyu. Da ya ƙudurta neman kansila a Galadi, mahaifarsa da ya yi shekaru bai leƙa ba, sai basirarsa ta gano cewa babu abin da talakawa suka rasa irin ganin motarsa.

Ya kai tsohuwar motar tasa Kano, ta dawo da na'urori biyu masu ɗura wa inji iska. 'Yan tasha suka raɗa masa Sarkin Iska, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce. Ko gaisuwa ka tsaya yi, sai ya buɗe maka bonet.

"Wagga ita as sufacaja, bel ka jan ta, tun daga tashi take ba ni ƙarfi. Waccan tarbo, hayaƙi ka juya ta in an miƙe hanya. Huhu biyu! Shugaba ba ya tahiya da numfashin talaka."

Salansar motar ma, wato bututun hayaƙi, ya sa an yanke, ta yadda in ya ɗaga ƙafa sai motar ta yi ta ɓarin tas-tas-tas. Direbobin Shinkafi suka ce masa wannan ƙara ba ta hanyar nan ba ce. Ya ce hassada ga mai rabo taki ce.

Ranar da dattawan Galadi suka taru don tsai da wanda za su mara wa baya, gogan naka ya taka motar tun daga bayan gari, don jama'a su ji abin da ya zo musu da shi. Sun kuwa ji. Mutanen da harbi ya sha tayarwa daga kan tuwo ba su tsaya tambayar mai zuwa ba. Kafin ya kashe inji, babu kowa sai tabarmi, takalma da ƙwaryar fura a kife.

Jaji ya fito, ya gyara babbar riga, ya dubi filin.

"Kwarjini ke nan," in ji shi.

Can sai ga Malam Kamaluddeen, babban dattijon garin, ya fito daga cikin gero yana ɗingishi, rawani a hannu.

"Alhaji, sannu da zuwa. Shawara kam mun gama ta nan cikin gero. Masu kora mu daji muna da su, ba sai mun zaɓi wani ba."