Rasuwar Goggo, Mai Tona Asirin Ruwan Kwata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai gwajin ruwa na tashar tace ruwan datti, wanda kowa ke kira Kawu, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar aikinsa Goggo, na'urar auna ƙazantar ruwa. Ta cika ranar Litinin da hantsi, a kan teburinta, tana tsakiyar aiki.

Marigayiya ta ƙare rayuwarta tana leƙa abin da kowa ke kau da kai ya wuce. A ɗiga mata abin da aka tato daga ruwan kwata, ta ratsa shi da jan hasken nan da ido ba ya gani, ta yi "ƙirrr, tit", sai ta zana tuddai da kwaruruka a allo. Kawu ya gyara tabarau ya karanta: maiƙo kaza, baƙin mai kaza. Ba ta san ɗan wane ba. Mai masana'antar sabulu ya taɓa rantsuwa cewa ruwan da yake saki ko jariri zai sha. Goggo ta yi "tit", aka ci shi tara. Daga nan masuntan gangaren kogi suka daina kamo kifi mai ɗanɗanon gareji.

Ciwon ajalinta ya faro ne ran da manaja ya sa aka cire na'urar sanyaya ɗakin gwaji aka kai ofishinsa, wai saboda baƙi. Tagar cikin Goggo kuwa, wadda hasken ke ratsawa, ta gishiri ce, ba ta ga maciji da laima, kuma na'urar sanyin ce ke busar da iskar ɗakin. Kawu ya bi manaja har bakin mota.

"Ranka ya daɗe, makancewa za ta yi."

"Haba Kawu, inji ne fa, ba surukarka ba. Buɗe mata taga ta sha iska."

Ga damina ta kankama. Farar yana ta rufe wa baiwar Allah ido, ta shiga gigin tsufa. Aka ba ta ruwan kwata ta ce garau yake, aka ba ta ruwan sha na kwalba ta ce a rufe kamfanin. Kawu ya aro abin busar da gashi na 'yarsa ya yi ta hura mata, har 'yar ta daina gaishe shi. Da mai gyara ya zo ya buɗe cikinta, sai ya cire hula. "Kawu, sai haƙuri."

Ta rasu ta bar kwamfuta ɗaya, da firintar da dama ba ta taɓa jin magana ba, da marayun kwalabe cike da firiji, kowacce na jiran sakamako. Iyalai na godiya ga mai masana'antar sabulu, wanda ya riga kowa zuwa ta'aziyya, ya kuma tambaya har sau biyu ko an tabbata ta cika.

Za a kai ta makwancinta ranar Laraba a sito, bayan tsofaffin kujeru. Manaja ya yi alkawarin halarta idan ba a yi zafi ba. Zaman makoki a ɗakin gwaji, kowa ya zo da mahucinsa. Game da magaji, an ce takarda tana sama ana dubawa. Kafin ta sauko, masu ruwan gwaji su kawo wa hancin Kawu, wanda aka naɗa riƙon ƙwarya.