Ungo, Kalmar da Ta Gagari Bakin Manya

Jama'a, jiya na yi asarar wuni guda da rabin tafin takalmina wajen raka maƙwabcina Baba Tela karɓo tabarau, muka dawo yadda muka je.

Bari in ɗauko muku daga farko. Baba Tela dattijo ne mai ɗinki a ƙofar gidanmu, ido ya fara yi masa gardama. Ramin allura ya daina ganuwa. Kullum da safe sai ya ƙwala mini kira, in ajiye jaridata in zo in zura masa zare. Masu kawo ɗinki kuma sun fara zamewa tun ranar da ya ɗinke wa wani direba bakin aljihu ruf. Keken ɗinkin nan kuwa shi ne cinsa, shi ne shansa.

Bara aka yi gagarumin taron raba tabarau kyauta. Mai Girma Mai Almakashin Zinare ya iso da jerin motoci, ya yanke kintinkiri, ya zuba jawabi har masu riƙe masa lema suka yi ta sauya hannu. Aka ɗora wa Baba tabarau a hanci, aka ɗauki hoto, aka cire. Wai na gwaji ne, nasa na tafe. Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, hoton ya yi kyau ƙwarai. Ni na gani, Baba ne dai bai iya gani ba.

To jiya muka je ofishin. Abin da ya burge ni, ma'aikatan wurin ba sa ɓarnar magana. Mai gadi ya ƙare mana kallo ya ce, "Ina?" Ka ji tambaya cikakkiya: ku su wane ne, wa kuka sani a ciki, me ya hana ku zaman gida. Muka lallaɓa muka wuce. A taga muka tarar da wani mai ƙaton agogo yana latsa waya. Baba ya rusuna ya yi bayani tiryan-tiryan, tun daga ranar hoto har aljihun direba. Mutumin ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Tukuna."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tukuna zuwa yaushe?"

Ya ce, "Oho."

Wallahi na jinjina masa. Abin da Mai Girma ya galabaita lasifika yana faɗa, wannan bawan Allah ya dunƙule shi cikin kalma biyu, ko miyau bai ɓata ba. Ya kamata a ba shi lambar yabo ta tsimi da tanadi.

A hanyar dawowa ina ta bambami, Baba na biye da ni. Sai da muka zauna a benci gaban kekensa ya ce, "Ɗan nan, kalma ɗaya na je ji, ba a faɗa ba."

"Wacce, Baba?"

"Ungo."

Na juya kalmar a raina. Ungo ba ta da tsawo, amma ba a faɗinta sai hannu na riƙe da abu, kuma an miƙe shi. Ba a kafa mata kwamiti, ba a ɗage ta zuwa mako mai zuwa. Uwa kan faɗa wa ɗanta, mai shago kan faɗa wa mai saye. Na lalube ƙwaƙwalwata kaf, ban tuna ranar da na ji ta a bakin wani babba ba. "Kawo" kam sun iya ta, ko cikin barci ka tashe su.

Baba ya ɗauki allura, ya lashi bakin zare, ya kai ya kuskure, ya sake kaiwa ya kuskure. Ga kayan makarantar 'ya'yan mutane jibge a gefe, ga ni a zaune, amma nauyin wahalar da ya ba ni ya hana shi kirana. Tausayinsa ya kama ni, raina kuma ya ɓaci ba kaɗan ba.

Na zare tabarauna na karatu daga fuskata na miƙa masa. Na ce, "Ungo."

Ya ƙwama, ya zura zare tashi ɗaya, sannan ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Af! Ashe haka ka tsufa?"

Tun safe yau keke ke ta ƙara. Ni kuwa jarida ta zo da hoton Mai Girma da dogon sabon jawabi, amma jerin tururuwa kawai nake gani. Na kai wa Baba ya karanta mini. Ya bi shi daga sama har ƙasa, ya ninke, ya mayar da ƙafa kan keke.

Na ce, "Baba, me ya ce?"

Ya ce, "Tukuna."