Ampilin Yaya Isufu

Hannuna na rawa har yanzu, a yi mini uzuri in rubutun ya karkace.

Yayana Isufu makaɗin gita ne. An gayyace shi da abokan kiɗansa wasa a bikin 'yancin kai, amma ba su da ampili, na'urar ƙara sauti. Ni da na yi lakwal, karatun boko har koleji, na ce a bar mini. Na farke tsohuwar rediyon Baba, na kwashe lampunanta, na harhaɗa su cikin akwatin katako a rumfar gidanmu na Yantala. Ya yi magana kuwa, har kaji suka watse.

Sai wata waya ta saki. Na zare igiyar lantarkin daga bango, na naɗe hannun riga.

"Bari ya huce, ƙanwata," in ji Isufu.

"Yaya, wannan ilimi ne, ba tuwo ba. In an cire shi daga bango, kuran ya tafi."

Ashe akwai wani ɗan gwangwani a ciki, kondansater, mai ɓoye kuran, wato wutar lantarki, kamar yadda tsohuwa ke ɓoye goro. Awarwarona na azurfa ya taɓa shi. Na ga shuɗin haske, na tsinci kaina zaune cikin ƙwaryar geron Inna.

Inna ta tabbatar ina numfashi, sannan ta ce, "Tashi, ilimi, daka zan yi."

Isufu ya ɗaure wayar, ya yi wasansa. Ni ko fitila ba na kunnawa. Mai gaishe ni yanzu sai ya tsaya nesa ya tambayi Inna, "An cire ta daga bango?"