Bututun Mai Famfo

"Jiki da sauƙi, Amarya. Sai dai cutar da kuka yi mini a asibitinku," in ji tsohon, yana gyara zama a kujerarsa ta baranda.

Kwana tara ke nan da sallamo shi. Shekara arba'in ya yi yana gyaran famfo, har sunan sana'ar ya danne nasa. Jikarsa, likitar zuciya, ta biyo daga aiki ta duba shi. Tun kafin ta zauna ya ga idonta ya sauka kan fakitin maganin da ke bakin taga, wanda ƙwaya biyu kawai aka ɓalle daga cikinsa. Shi ya sa ya riga ta kai hari.

Ya ce abokinsa tela da aka yi wa aikin zuciya shekarun baya yana da tabo tun daga wuya har ciki, in ya ɗaga riga kowa sai ya yi salati. Shi kuwa me zai nuna wa masu dubiya? Ya miƙa mata wuyan hannunsa, inda wani ɗan ɗigo yake kamar cizon sauro.

"Angona, ai kai ne ka rushe bangon banɗakin mutane kana neman yoyo guda," ta ce. "Mu ba ma fasa bango."

"Ku ragwaye ne, shi ya sa."

"Mu ne ragwaye? Kai da ka yi ta ba ma'aikata labarin rijiyar burtsatse ana tsakiyar aiki?"

Ya ce wannan ma hujja ce a kansu, don aikin da ake yi wa mutum ido biyu, yana hira, ba aiki ba ne.

Ta ciro waya ta matso kusa. A hoton farko jijiyoyin zuciyarsa ne baƙaƙe kamar saiwoyin bishiya, ɗaya ta tsuke a tsakiya ta koma kamar zare. Ta nuna masa yadda aka zura siririn bututu ta wuyan hannu har bakin zuciya, aka tura wani ɗan ido cikin jijiyar ya leƙa bangonta daga ciki, aka auna faɗi da tsawon toshewar, sannan aka buɗe wurin aka kafa 'yar ragar ƙarfe ta tokare shi. A hoto na biyu jijiyar ta cika fal daga sama har ƙasa.

Mai Famfo ya karɓi wayar, ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo, irin kallon da yake yi wa aikin wani kafin ya kushe. Bai sami abin kushewa ba. Ya tambaye ta wa ya yi awon. Ta ce babban likitansu ne ya riƙe bututun, don ba a barin mutum ya yi wa ɗan'uwansa na jini aiki, amma awon nata ne. Tsohon ya yi gyaran murya, ya ce 'yar da ba ta iya auna sukarin shayi ba, Allah ne dai ya kiyaye. Amma bai mayar mata da wayar ba.

"To tunda bututu ya buɗe, ruwa na tafiya, maganin na mene ne? Ban taɓa gyara famfo na ce a riƙa ba shi ƙwaya ba."

Ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce ragar sabuwa ce, nama bai rufe ta ba tukuna, kuma jini yana son daskarewa a jikin sabon ƙarfe. In ya toshe ta, ba lallai a kai mutum asibiti da rai ba.

"Kaka, in ka sa sabon bututu a gida, me kake ce wa masu gidan kafin ka tafi?"

Ya san amsar. Ya faɗe ta a ɗaruruwan gidaje: a riƙa buɗe famfo kowace safiya, kada a bar ruwa ya kwanta a sabon ƙarfe, don a mahaɗa datti ke fara taruwa. Ya kuma tuna yadda yake jin haushin waɗanda ba sa ji, su dawo su ce aikinsa ne bai yi kyau ba. Ya sake duban hoton, wurin da ta auna.

Ya miƙa hannu ya ɗauko fakitin da kansa, ya haɗiye ƙwaya ɗaya da sauran ruwan da ke cikin kofinsa. Sannan ya aike ta ƙarƙashin gado ta jawo akwatin kayan aikinsa. Ya zaro tsohuwar sifanarsa, wadda hannu ya goge mariƙinta har yana ƙyalli, wadda ko 'ya'yansa bai taɓa ara wa ba, ya ɗora mata a cinya.

"Riƙe. Duk zuri'ar nan ke kaɗai kika gaji sana'ata."

"Wannan ai ba za ta shiga jijiya ba, tsoho."

"Ba ta aiki ba ce," ya ce yana dariya. "Ta ajiyewa ce a ofis, in an tambaye ki wa ya koya miki."