Tulun Ciyaman

A wani gari da ke bakin titi, wanda bai kai a kira shi birni ba, ya kuma wuce a ce masa ƙauye, an yi wani shugaban 'yan kwana-kwana ana ce masa Baba Nomau. Shekararsa talatin da huɗu da wata bakwai yana kashe gobara, saura wata biyar ya yi ritaya ya fara cin fansho. Mutum ne mai agogo. Kome zai yi sai ya duba hannu, har yaransa na cewa ko atishawa ta zo masa sai ya ga ƙarfe nawa ne kafin ya sake ta. Yana da mutum shida a ƙarƙashinsa, da jar mota guda ɗaya wadda ta girmi uku daga cikinsu, da takalman shiga wuta na mutum huɗu. Saboda haka in aka buga ƙararrawa, wanda ya riga kai ƙafa shi ke da takalmi.

Kowace shekara, in lokacin kasafin kuɗi ya zo, sai Baba Nomau ya sa a goge masa kakinsa, ya zauna ya rubuta takarda da kyakkyawan rubutunsa, ya taka zuwa sakateriyar ƙaramar hukuma. Roƙonsa ba ya canzawa: a ƙara wa yaransa albashi, a ba su kuɗin kasada kamar yadda ake ba masu irin aikinsu a wasu wurare, a sayo takalma da sabuwar mesa. Ciyamomi biyar ya kai wa wannan takarda, dukkansu kuwa amsa ɗaya suka ba shi, kai ka ce a aljihun tebur kowa ke barin ta ga na bayansa. Na farko ya ce a jira a gama gidan saukar baƙi. Na biyu ya ce a jira a sayo wa kansiloli motoci. Akwai wanda bai ma faɗi abin da za a jira ba, ya dai ce a jira.

Ciyaman na yanzu mutum ne mai fara'a, shi ya sa tasa ta fi ciwo. Ya karɓi takardar, ya riƙe ta a juye, ya yi dariya ya ce, “Baba, tsakani da Allah, bana gobara nawa aka yi?”

Baba Nomau ya ce, “Tara, ranka ya daɗe. Goma in an haɗa da jakin da muka ciro daga rijiya.”

“Tara! A shekara guda cur! Sauran kwanakin fa? Ni duk sanda na wuce ofishinku dara nake ganin kuna yi a gindin darbejiya. Ai ku ne ya kamata ku riƙa biyan hukuma kuɗin inuwa.”

Waɗanda ke zaune a ofishin suka yi dariya, don dariyar ofishin Ciyaman ba a barin ta ta wuce. Baba Nomau bai yi ba. Yana tunanin Gambo, ɗaya daga cikin yaransa, wanda da ya tashi daga aiki sai ya hau babur ɗin haya ya yi ta ɗaukar fasinja, don albashin ba ya kai shi ranar ashirin ga wata.

Ciyaman ya ce, “Ku ɗan jira, Baba. Bana babban aiki ne a gabanmu. Garin nan ba shi da fuska. Baƙo sai ya shigo ya fita bai san ya shigo ba.”

Fuskar da aka yi wa garin kuwa tulu ce. A tsakiyar shataletalen da ke shiga gari aka gina wani ƙaton tulu na siminti, tsawonsa ya yi mutum uku, aka zagaye shi da kwarami mai shuɗin tayil. Ɗan kwangila ya yi alkawarin ruwa zai riƙa tsartuwa daga bakin tulun ya yi sama, ya dawo cikin kwaramin, dare da rana, rani da damina. Wata takwas ana aikin. Baba Nomau yakan wuce ta wurin a kan kekensa, ya dubi tulun, ya dubi agogo, ya wuce.

Saura kwana uku Kwamishina ya zo daga babban birni ya buɗe tulu, sai ga motar Sakataren ƙaramar hukuma ta tsaya a ƙofar ofishin kwana-kwana. Ba a taɓa gani ba. Gambo ya yi watsi da dara ya miƙe ya ƙame, Yohanna direba ya raɗa wa na kusa da shi, “Wallahi kuɗin kasada sun fito.”

Sakatare ya ja Baba Nomau gefe, ya rage murya. Ashe an gina tulu, an sa bututu, an yi fenti, amma rijiyar burtsatsen da za ta ba shi ruwa ba a haƙa ta ba. Ɗan kwangila kuma wayarsa a kashe.

Ya ce, “Ga abin da Ciyaman yake so. Ranar Alhamis ku cika tankinku, ku ajiye motar a bayan allon nan mai hotonsa. Za a rufe ta da tamfol. Ku ja mesa ta ƙarƙashin darduma ku haɗa da bututun tulu. Da Kwamishina ya yanke ƙyalle, ku kunna. Shi ke nan.”

Baba Nomau ya ce, “Yallaɓai, Alhamis fa kasuwa ke ci.”

“Don haka aka zaɓe ta, ana son jama'a.”

“In wuta ta tashi fa?”

Sakatare ya tsuke fuska. “Haba Baba, ka faɗi alheri mana. Sa'a guda ce kawai. Kuma bari in faɗa maka, irin wannan hidimar ita ke sa a tuna da mutum ranar kasafi.”

Wannan magana ta ƙarshe ita ta sa Baba Nomau ya yarda. Ya ce a ransa, in shekara talatin da huɗu na shiga wuta ba su sa an tuna da su ba, wataƙila sa'a guda ta ɓuya a bayan allo ta sa.

Ranar Alhamis gari ya cika. An kafa rumfuna, an jera kujeru, makaɗa suna ta kiɗa. Su Baba Nomau kuwa suna ƙarƙashin tamfol cikin zafin bazara, gumi har cikin takalmi ga masu takalmi. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma Kwamishina ya yanke ƙyalle. Baba Nomau ya ɗaga wa Yohanna hannu. Inji ya yi tari sau biyu, ya kama, ruwa ya fito daga bakin tulu ya yi sama kamar da gaske. Mata suka rangaɗa guɗa. Ciyaman ya share ƙwalla da gefen babbar riga.

Daga nan aka shiga jawabai. Ciyaman ya yi nasa, Sakatare ya maimaita shi, sannan aka miƙa wa Kwamishina lasifika. Baba Nomau ido ɗaya a kan agogo, ɗaya a kan ma'aunin tanki, yana kallon ruwan da ya isa kashe gobarar gida biyu yana tafiya sama don a tafa.

Sha ɗaya da minti ashirin da takwas, Gambo ya leƙa ta ɓular tamfol ya ce, “Oga, wancan hayaƙin ba na masu tsire ba ne.”

Baba Nomau ya leƙa. Hayaƙi baƙi ƙirin, mai kauri, yana murɗawa daga gabashin kasuwa. Ya san wurin kamar tafin hannunsa. Layin masu katifa ne, bayansa kuma masu man gyaɗa, bayan su masu atamfa. Kafin ya buɗe baki sai ga wani mai babur ya shigo ta bayan allo a guje, yana haki, ya ce tartsatsin mai walda ne ya faɗa wa katifu, an je ofishin kwana-kwana an tarar ba kowa sai dara.

Baba Nomau ya sunkuya ya bi ta bayan kujeru har inda Sakatare ke zaune, ya raɗa masa. Sakatare bai ko juyo ba, murmushinsa na nan a fuska saboda masu ɗaukar hoto. Ta gefen baki ya ce, “Minti goma. Bari ya gama jawabi. Ku jira.”

Tsohon ya koma bayan allo. Ya tsaya ya dubi agogonsa. Ya san wata biyar suka rage masa, ya san abin da ake yi wa ma'aikacin da ya kunyata Ciyaman a gaban baƙo. Ya kuma san abin da katifa take yi a minti goma, don ya taɓa ɗauko mutum daga cikin irin wannan wutar a zanin gado.

Ya ce, “Yohanna, kashe. Gambo, kwance mesa.”

Daidai lokacin Kwamishina ya ɗaga hannu yana nuna tulu, yana cewa, “Wannan ruwa da kuke gani, jama'a, alama ce ta gwamnatin da alherinta ba ya yankewa!” Ruwan ya rusuna, ya yi ɗigo uku, ya ɗauke. Darduma ta fara motsi a ƙarƙashin ƙafafun manyan baƙi kamar maciji ya shiga. Sai jiniya ta tashi, jar mota ta fito daga bayan hoton Ciyaman tana jan tamfol, ta ratsa ta gaban rumfa ta nufi kasuwa. Rabin jama'a suka bi ta da gudu.

Da rabin tanki suka isa. Bai ishe su ba. Sai da Yohanna ya dawo shataletale, ya zura mesa cikin kwaramin tulu a gaban manyan baƙi, ya zuƙe ruwan tas ya koma. Wannan ce kaɗai ranar da tulun ya yi wa garin amfani. Rumfa huɗu suka ƙone, aka tare wutar saura taku shida ta kai ga jarkokin man gyaɗa. Ba a rasa rai ba. Gambo ne dai ranar bai riga kai ƙafa ga takalmi ba, ya shiga da silifas, aka fito da shi a goye, tafin ƙafarsa duk ya saluɓe.

Ranar Litinin aka kira Baba Nomau sakateriya. Ya goge kakinsa kamar kullum. Ya tarar da ofishin Ciyaman cike: kansiloli a kan kujeru, Sakatare da fayil, Sarkin Kasuwa da 'yan kasuwa sun zo ba a gayyace su ba, wasu a bakin ƙofa, wasu sun toshe tagogi. A kan tebur ga takardar kora an riga an buga, saura sa hannu. Wanda aka kora kuwa ba shi da fansho.

Yau babu fara'a. Ciyaman ya ce, “Baba, ka san abin da ka yi mini? Kwamishina ko abinci bai tsaya ya ci ba. A babban birni yanzu Mai Tulu suke kirana.”

Sarkin Kasuwa ya ce, “Ranka ya daɗe, da ba don bawan Allahn nan ba da yau ba mu da kasuwa.”

“Ba da kai nake ba, Sarki.” Ya juya ga Baba Nomau. “An ce ka jira ko ba a ce ba?”

“An ce, ranka ya daɗe. Sha ɗaya da rabi daidai.”

“Minti nawa aka ce?”

“Goma.”

“Goma kacal!” Ciyaman ya ɗauki biro, ya dubi tagogi, ya ga fuskokin da ke cikinsu, ya tuna zaɓe ba nisa, sai ya ɗan sassauta murya. “Duba nan, ni ba na son in raba tsoho da abincinsa. Ka faɗa a gaban mutanen nan cewa ka yi gaggawa, cewa da ka jira minti goman nan ba abin da zai faru, in yaga takardar nan yanzu ka tafi gida. Ku da kuka yi shekara da shekaru ana ce muku ku jira kuna jira, ba wanda ya mutu, minti goma ne zai gagara?”

Baba Nomau ya dubi takardar, ya dubi biron. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya rusuna cikin ladabi.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, mu ai ba ya gagarar mu. Ita wutar ce ba a hannunku take karɓar albashi ba, shi ya sa ba ta iya jira ba.”